Laimar Ɗanladi Sai-Wuƙa

In dai ka taɓa tura kaya daga Deira ta Dubai zuwa Kano, to ka san Ɗanladi Sai-Wuƙa. Ko ba ka san fuskarsa ba, ka san ɗaurinsa. Shi ne mai ɗaure wa 'yan kasuwa dila a wani shagon kago da ke bayan layin masu turare. Gajere ne mai tumbi, kullum da ƙullin salatif a hannunsa kamar awarwaro. A kawo masa atamfa ko takalma, ya tattake su, ya danne da inji, ya zura a buhu, ya ja igiya, sannan ya bi da salatif har sai kayan sun koma dutse. In ya gama sai ya mari dilar ya ce, "Abin da Ɗanladi ya ɗaure, sai wuƙa!" Nan sunan ya samo asali. Kuma tsakani da Allah, wannan ce kaɗai maganarsa da ba ƙari a ciki.

Sauran kuwa sai dai mutum ya riƙe baki. Ɗanladi ya taɓa tuƙa jirgin ruwa daga Port Saeed har Indiya, direban yana barci. Ya taɓa gyara wa wani Balarabe Larabcinsa. Duk wannan zuba kuwa wuri ɗaya yake yin ta, gidan abincin Hajiya Barira da ke unguwar Abu Hail, inda Hausawa ke haɗuwa cin tuwo da miyar kuka. Hajiya Barira bazawara ce, mace mai kamar maza, wadda ke ɗaukar tukunyar gas ta hau bene da ita ba ta nemi kowa ba. Ɗanladi sonta yake bil haƙƙi. In ta gifta da kula a hannu, har lomarsa takan tsaya a hanya. Ya daɗe yana roƙon ta ba shi izini ya tura manyansa gidansu a Kano, ita kuma kullum amsarta ɗaya: "Ci tuwonka, Malam Ɗanladi, kada ya huce."

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Arzika, ɗan Maraɗi mai sayar da wayoyi, wanda suke ɗaki ɗaya da Ɗanladi, ya ɗaga wayarsa ya nuna wa jama'a wani bidiyo.

"Ku dubi waɗanga mahaukata," in ji Arzika. "Daga jirgin sama suke hwaɗowa da laima, kuma wai su ke biya!"

Ɗanladi ya leƙa, ya taɓe baki. "Wannan? Wasan yara. Zamanin da nake kai wa sojoji burodi a Kaduna, ni nake fara dira su biyo bayana. Wata rana ma a jirgi na manto laimar, sai da na sauka aka jeho mini."

"Bon," in ji Arzika. "Ta same ka lahiya?"

"A hannu na cafke ta."

Hajiya Barira ta ajiye ludayi. Ta zo ta tsaya a kansa, ta riƙe ƙugu.

"Malam Ɗanladi, kullum tambayata kake yaushe za ka turo manya. To ga amsa, a gaban shaidu. Kunnena ya ƙoshi, idona ke jin yunwa. Ka diro daga jirgin nan ina kallo. Ranar da ka diro, ka buga waya Kano, manyanka su je gidanmu. In ka kasa kuma, kada ka sake ta da maganar har abada."

"Asabar ta sama!" in ji bakin Ɗanladi, tun kafin ya yi shawara da zuciyarsa.

Aka ɗauki kabbara. Ɗanladi ya kalli tuwonsa, ya ji ya fita daga ransa.

Washegari ya ja Arzika suka tafi filin masu dirar, can bayan gari cikin rairayi. Suka tarar da wata malamar horo mai suna Aziza, 'yar Maroko, tana jin Faransanci, saboda haka Arzika ya zama tafinta. Ta yi musu bayani dalla-dalla. Sabon shiga ba ya dira shi kaɗai. Ɗaure shi ake a ƙirjin gwani, gwanin ne ke goye da laimar. In an fito daga jirgi mutum ya kai kansa baya, ya lanƙwashe kamar ayaba, in an zo sauka ya ɗaga ƙafafu. A zo da takalmi mai igiya, ban da tufafi masu baza, ban da komai a aljihu, kuma akwai nauyin da ba a wucewa. Kowace jaka laima biyu ce a ciki, ta aiki da ta ko-ta-kwana, kuma ba mai ninke laima sai wanda aka horar a kan ninkin.

Ɗanladi ya jure duk sauran, amma wannan ta ƙarshen ta tsaya masa a wuya.

"Ninki? Ni za a gaya wa ninki? Arzika, tambaye ta ko ta san da wa take magana."

"Ta ce ba ta sani ba, kuma ba ta tambaya ba."

"Sannan wai wani ƙato ya rungume ni ta baya kamar buhun gero, a gaban Hajiya? Haba! Gaya mata ni kaɗai zan dira."

"Ta ce sai ka shiga aji, ka ci jarrabawa."

Ɗanladi ya biya kuɗin ranar Asabar duk da haka. A hanya ya warware wa Arzika dabararsa. Mutanen nan kallon baƙo suke masa don ya zo hannu rabbana. In suka gan shi da kayan aikinsa cif-cif, su da kansu za su buɗe masa ƙofar jirgi su ce bismillah.

Ya bazama neman kaya. Ya samo laima a wurin wani mai gwanjo a Sharjah, cikin tarin tsofaffin tantuna da tayoyin keke. Ya ari hular kwano wurin wani ɗan babur mai kai abinci. Ya sayi baƙin gilashin masu walda, don iska. Laimar ko-ta-kwana kuwa ya ce ba sai ya ɓata kuɗi ba, babbar rigarsa ta shadda tana nan, in ta sha sitaci ta buɗe a sama ai ta fi tasu faɗi.

Sai horo. Ɗakinsu gadaje ne masu hawa biyu, shi yana sama. Ya tsaya a gefen gadon, ya yi bismillah, ya diro, ƙafarsa ta dama ta sauka cikin tukunyar shinkafa da waken Arzika.

"Mi na yi maka, ɗan Kano?" in ji Arzika, yana kallon abincinsa a bango.

"Laifinka ne. Wa ke girki a filin saukar jirgi?"

A shago kuma ya koma koyon ayaba. Ya kunna ƙatuwar fanka, ya kwanta rub da ciki a kan katon ɗin turaren wani Alhaji, ya baza hannuwa, ya ɗaga kai. Masu kawo kaya suka yi cirko-cirko a ƙofa. Wata Hajiya ta tambaya ko aljanu ne, a nemo mai ruƙiyya. Kafin ya ba ta amsa katon ɗin ya lotse, kwalabe suka farfashe a ƙarƙashin tumbinsa. Ranar ko a jirgin ƙasa na cikin gari ba wanda ya iya zama kusa da shi, har wani tsoho yana atishawa yana tsine masa da Larabci.

Horo na uku shi ne babba. Da la'asar ya hau rufin benensu a Abu Hail, ya ɗaura laimar, ya ce bari ya ɗan baza ta ya ga faɗinta. Iskar teku kamar jira take. Laima ta cika fam, ta fizge Ɗanladi, ta fara jan sa a kan siminti da gindi. Ya bi ta cikin shanyar wani maƙwabci ɗan Pakistan, ya kwashe ta. Ya bi ta cikin ta wasu mata 'yan Filifin, ya kwashe ta. Ya tumɓuke dish ɗin wani Bamisire da ke tsakiyar kallon ƙwallo. Tankin ruwa ne ya tare shi, ƙum! Maƙwabta suka hauro, kowa na zagi da yaren garinsu, Ɗanladi na kwance da wandon wani a wuya yana cewa, "Shwayya, shwayya, habibi, horo ne."

Da wani ne ya sha wannan ja, da sai ya koyi tsoron iska. Ɗanladi darasi daban ya ɗauko.

"Laimar nan ba ta da tarbiyya," ya ce wa Arzika. "Ba a ce mata buɗe ba, ta buɗe. Ninkin Turawa kenan, sakwa-sakwa. Bari ta shigo hannun masu aikin."

Ya kai ta shago. Ya tattake, ya danne da inji, ya zura a buhu, ya ja igiya, ya bi da salatif har ƙulli ya ƙare ya ɗauko wani. Ya bar hannuwan goyo biyu kawai a waje. Ya ɗauki alƙalamin maka ya rubuta a jiki: ƊANLADI, KANO. Arzika yana tsaye yana kallo. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna Aziza ba za ta taɓa barin wannan abu ya kusanci jirgi ba, ya kuma tuna shinkafarsa. Ya rufe bakinsa, ya je ya yi wa jama'a hayar bas.

Ranar Asabar bas ta cika maƙil. Har waɗanda ba su taɓa rufe shago ba sun rufe. Hajiya Barira ta zo da kular dambu da jarkar zoɓo, ta ce kallo ba ya daɗi da yunwa. Ɗanladi ya fito cikin shadda mai sitaci tana ƙara, hular kwano a ka, gilashin walda a ido, dila a baya. Ba ya ganin gabansa, sai da ya gaishe da ƙofar bas ya ce mata, "Hajiya, barka da asuba."

A filin, abu na farko sikeli. Ɗanladi ya hau, Aziza ta duba ta girgiza kai.

"Ta ce ka wuce nauyi," in ji Arzika.

To, mutumin kago ba a gaya masa nauyi ya yarda. Nan take Ɗanladi ya shiga ciniki.

"Habibti, rage mini kaɗan mana. Mu da za mu riƙa zuwa kullum? Wannan sikelin ma yana da ƙari, na san irinsa, ko a shagonmu akwai."

Ta ce a'a. Ya sake hawa, ya saci jiki ya dafa tebur da hannu ɗaya, kamar yadda yake tallafe dila da gwiwa in mai awo ya juya baya. Aziza ta ɗauke hannun ta mayar masa. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, wai ko rabi zai ragu. 'Yan bas suka fara riƙe ciki.

"Ta ce ka sauke kaya, ka tuɓe rigar, ka zazzage aljihu."

Dila ta sauka. Babbar riga ta fita, ta tsaya da kanta a ƙasa saboda sitaci. Daga aljihu aka fito da dabino, da kilishi, da cajar waya, da goro, da kwalbar man zafi. Ƙullin salatif ɗin hannunsa ne kawai ya ce sai dai a yanke hannun. Alƙalamin maka kuwa yana maƙale a bayan kunnensa, ba wanda ya lura. Da ƙyar sikeli ya yarda da shi, daga shi sai singileti da wando, tumbi a gaba.

Sannan Aziza ta nuna dilar da ƙafa.

"Ta ce wannan mi ne ne?"

"Laima," in ji Ɗanladi, ya mari buhun. "Ni na ninke ta."

Aziza ta zagaya ta, ta ƙwanƙwasa, ta ji kamar bulo. Ta yi tambaya a hankali, irin yadda ake yi wa mara lafiya.

"Ta ce ina abin ja, wanda ke buɗe ta?"

"Yana ciki. A waje zan bar shi wani ya ja?"

"Ta ce to in ka hwaɗo, yaya za ta buɗe a sama?"

Ɗanladi ya yi dariyar tausayi, ya juya wajen jama'a don kowa ya ji.

"Kun ji rashin sanin aiki? Kaya ya buɗe a hanya? Gaya mata, shekarun da na yi ina ɗauri, kayana bai taɓa buɗewa a hanya ba. Sai an isa ake buɗe kaya!"

Arzika ya fassara kalma da kalma, hawaye na zubo masa. Aziza ta zauna a ƙasa daɓas don dariya. Da ta samu numfashi ta ƙwala wa abokan aikinta kira, suka fito da gudu, suka kewaye dilar suna ɗaukar hoto. Wani ƙaton Bature ya ce bari ya buɗe. Ya ja, ya yaga da farce, ya sa haƙori, ya yi gumi.

"Ba na gaya muku ba?" in ji Ɗanladi, yana hura hanci. "Sai wuƙa!"

Aka kawo wuƙa. Da aka farke buhun, laima ta fito a yayyanke, tare da ita ga wandon ɗan Pakistan, ga ɗan kwalin wata 'yar Filifin, ga wayar dish. Aziza ta ɗaga wani gefe ta duba, ta ce wannan ma ba ta dira daga jirgi ba ce, irin wadda kwalekwale ke ja da 'yan yawon shaƙatawa a bakin teku ce.

Dariyar da aka yi, har direban bas sai da ya kwanta a kan sitiyari. Hajiya Barira ce kaɗai ba ta yi ba.

"Malam Ɗanladi," ta ce, "ni ba laima na zo gani ba. Dira na zo gani. Ga jirgi can."

Ba sauran hanya sai buhun geron. Ƙaton Baturen nan ya ɗaura wa Ɗanladi ɗamara ta kafaɗa da cinya, ya ja ta tam, suka nufi jirgin. Ɗanladi yana tafe yana ɗaga wa jama'a hannu. Sai ya ga jirgin da kyau. Ɗan ƙarami ne, bai kai bas ɗin da ta kawo su ba, ƙofarsa irin ta shago ce da ake turawa sama. Injin ya yi ruri, iska ta bugi tumbinsa. Akwai wani turken ƙarfe a bakin shingen filin. Ɗanladi ya rungume shi hannu biyu da ƙafa biyu.

"Yalla, yalla!" in ji Bature, wato ya zo su tafi.

Ina! Hannun da ya saba jan igiyar dila ba a ɓamɓare shi da yalla. Mutum biyu suka ja, turken ne ya fara motsi.

"Wayyo Allah! Ku sake ni!" Ɗanladi ya kware baki. "Ban taɓa dira ba! Ko abra, ɗan kwalekwalen nan, na hau a Deira rufe ido nake har a tsallake ruwan! Burodin ma ba ni nake kai wa sojojin ba, ƙanina ne!"

"To laimar da aka jeho maka hwa?" Arzika ya ƙwalo daga bayan shinge, waya a sama.

"Ubanka ne ya jeho ta!"

Aka kwance masa ɗamara. Hajiya Barira ta matso, ta ce wa Arzika ya tambayi malamar ko ana mayar da kuɗi. Aka ce ba a mayarwa. Ta tambaya ko mace za ta iya dira da mace. Aziza ta nuna ƙirjinta.

"To Allah ya hana asara," in ji Hajiya Barira. "Dama na daɗe ina son in ga garin nan ta sama."

Ta saurari bayanin sau ɗaya, ta maimaita: kai baya, ayaba, ɗaga ƙafa. Aka ba ta rigar dira da takalmi mai igiya, ta cusa ƙaramin hijabinta a wuyan rigar. Ta cire takalmanta da gyalenta, ta zuba a jakar hannunta, ta miƙa wa Ɗanladi da ke zaune a gindin turke.

"Riƙe mini."

Jirgi ya tashi da ita. Nan ne tsoro na gaske ya kama Ɗanladi, wanda ya fi na ɗazu, don yanzu ba ransa yake ji ba. Ya kafa ido a sama, bakinsa na karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Can wani ɗigo ya faɗo daga jirgin, ya yi ta faɗowa, ya yi ta faɗowa. Ɗanladi ya daina numfashi. Hannuwansa kuwa ba su daina komai ba, aikinsu kawai suke, bai ma sani ba. Sai laima ta buɗe, ja da fari, ta taho tana lilo. Jama'a suka ɗauki kabbara. Hajiya Barira ta ɗaga ƙafafu kamar yadda aka ce, ta sauka sumul a kan ciyawa, ta rangaɗa guɗar da sai da Turawa suka waigo.

Ta taho tana haki tana dariya, fuskarta fes kamar ta yarinya. Ɗanladi ya miƙe, zuciyarsa ta ɗan dawo.

"Hajiya, kin ga ɗaga ƙafar nan? Ai irin salon da nake..."

"Ba ni gyalena da takalmina."

Ya miƙa mata. Ta tsaya tana kallon abin da ke hannunsa. Shi ma ya kalla. Jakar ta koma dunƙule kamar kabewa, salatif ta ko'ina, ba zip, ba hannu, ba kafar da allura za ta shiga. A jiki an rubuta da maka: HAJIYA BARIRA, ABU HAIL. Ƙullin da ke hannunsa saura kwali.

Hajiya Barira ta jujjuya jakar, ta ƙwanƙwasa ta, ta ɗaga kai.

"Malam Ɗanladi, ka buga waya Kano."

Idonsa ya yi haske. "Hajiya?"

"Ka ce wa manyanka su sha zamansu. Dira ka kasa, riƙon jaka ma ka kasa. Ni ba zan zauna gidan da sai na nemo wuƙa kafin in sa takalmi ba. Tuwo dai yana nan, in ka zo da kuɗinka."

Ta karɓi wuƙar daga hannun Bature, ta sa jakar a hammata, ta wuce bas.

A hanyar komawa Ɗanladi yana kujerar ƙarshe, yagaggen buhunsa a cinya, babbar rigar a tsaye kusa da shi kamar fasinja. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don da gaske yake sonta. A gaba ana ta cin dambu, Hajiya na ba da labarin yadda Dubai take ta sama, kuma kowa ya yarda da ita ba tare da ta rantse ba. Har aka shigo Abu Hail ba a ji muryar Ɗanladi ba. Arzika ya waiwayo, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan Kano, lahiya? Ko shi ma bakin ka sa masa salatif?"